Kifin Kapiten da Na Binne da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi ta'aziyyar kifi mai rai a gaban manyan garin Gaya ta bakin iyaka ba. Har yau idan na tuna sai na ji gumi ya tsatso mini a ƙeya.

Zamanin mulkin soja ne, ina koyar da siyans, wato kimiyya, a kwaleji. An kawo wa garinmu wani kapiten marar fara'a, wanda idan motarsa ta ratso kasuwa har masu rigima sai su yi tsit. Ban taɓa ganin ya daki kowa ba, amma an ce wani direba da ya yi masa gardama a bakin gada ya sha zaman kaso, kuma a lokacin ba wanda ke binciken "an ce".

Abu ɗaya ne ke tausasa zuciyar mutumin nan: wani ɗan akwatin gilashi a falonsa, cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai rairayi, da duwatsun murjani masu rai, da ƙananan kifaye biyu masu ruwan goro. (Ku duba fa, muna bakin kogi, kifi har ruɓewa yake a kasuwa, shi kuwa yana tayar wa nasa inji idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke.)

Wata safiya ina cikin aji wani soja ya leƙo ya ce, "Mushe, Kapiten na kiranka." (Mushe dai shi ne yadda ake kiran malamin boko a wurinmu.) Alli ya faɗi daga hannuna. Tun daga kwaleji har gidansa ina tilawar duk maganar da na taɓa yi a fadar shayi, ina neman wadda ta kai kunnensa.

Ashe tsutsotsi ne. Wasu ƴan mitsi-mitsi, jajaye, sun lulluɓe murjanin suna kashe shi. Ya ce an faɗa masa akwai kifin da ke cinye su, kuma an ce ni ne masanin dabbobi a garin. Maimakon in faɗi gaskiya, cewa sanina da kifi bai wuce zane a allo da romo a kwano ba, sai na ji bakina ya ce, "Ƙaramin aiki ne, mon kapiten."

"To ka tafi Kwatano ka zaɓo mini. Mai haƙuri nika so. In ya taɓa mini waɗanga biyu..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ƙarin bayani ba.

A Kwatano, matar da ke wani shagon kifin ado ta nuna mini iri biyu, duk masu tsinin baki, duk masu cin tsutsa. Na farko mai ratsi-ratsi ne, kyakkyawa, sai zirga-zirga yake. Idona na ɗan Gaya a kansa ya tsaya, don mu a kasuwa kifin da ya fi zillo muke nunawa. Amma ta ce a ƙaramin akwati mafaɗaci ne, zai hana maƙwabtansa sakat. Na tuna da maganar da ba a ƙarasa ba, na janye yatsana. Na biyun rawaya ne kamar nunanniyar ayaba, siriri, ba ruwansa da kowa. Shi na zaɓa, kuma wallahi zaɓin ya yi. Tana ɗaure leda ta fara cewa, "Sai dai ka sani, idan ya tsorata..." Na ɗaga mata hannu. "Madam, malamin siyans ne ni." (Allah ya isa tsakanina da wannan hannu.)

Na dawo na tarar Kapiten ya tafi Dosso, ya bar saƙon in kula da akwatin. Na saki kifin, ya zaga, na rufe murfi na tafi gida ina taƙama.

Washegari babu kifi. Ƴan biyun na nan, tsutsotsi na nan, rawaya ya yi ɓatan dabo. Na duba ƙarƙashin kujeru da rarrafe, na leƙa bayan kowane dutse. Na harari kyanwar gidan. Na saci kallon bakin sojan da ke gadi, amma wa zai tambayi mai bindiga ko ya yi kalaci da kifin maigidansa? Haka na yi ta zarya kwana da kwanaki, abinci ya daina shiga. Har na ce wa matata idan ta ji shiru ta kwashi yara ta tafi gidansu a Bengou.

Na yi lissafina kamar haka: idan na ce ban sani ba, ko dai ni ɓarawo ne, ko na zargi sojojinsa da sata. Mutuwa kuwa ba a tuhumar kowa da ita.

Ranar da ya dawo ya tara baƙi a falo, har da darektan kwalejinmu, don su ga sabon kifi. Aka kira ni. Na tsaya na ba akwatin baya.

"Mushe, ina kifina?"

"Sai haƙuri, mon kapiten. Allah ya yi masa cikawa."

Tsoro ya buɗe mini baki, na shiga bayani: zafin hanya, girgizar mota, raunin zuciya irin na kifin teku. Na ce a tafin hannuna ya cika. Na lura idanun baƙin sun bar fuskata sun koma bayana, darekta yana ta ƙifta mini ido. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake, sai na ƙara da cewa na naɗe shi a farin ƙyalle na binne a gindin mangwaro.

Kapiten ya ce, "Da hannunka ka bizne shi?"

"Da hannuna, mon kapiten."

"To juya ka gaida mamacin."

Na juya. Ga shi nan, rawaya shar, rairayi na zuba daga bayansa, yana tsince tsutsotsi a kan murjani hankali kwance. Ashe abin da matar ta so faɗa mini ke nan: idan ya tsorata, cikin rairayi yake nutsewa ya yi kwanakinsa.

Na rufe ido ina jiran a kira sojan gadi. Sai na ji wani sauti da ba wanda ya taɓa ji a Gaya: Kapiten yana dariya har da buga cinya. Baƙi suka ga an ba da izini, su ma suka fashe. Ban kwana a kaso ba, amma kafin la'asar labari ya kai tasha, kuma har na bar kwalejin nan, duk wanda akuyarsa ta mutu sai ya aiko a tambaye ni ko da gaske ne.

Ni da kifin nan tsoro ɗaya muka ji a gida ɗaya. Shi ya shige rairayi ya yi shiru, ya fito da mutuncinsa. Tun daga ranar, idan tsoro ya kama ni, bakina nake fara binnewa.