Sulken Jarka

Da aka ba ni matsayin jarumi a wasan kwaikwayon malaman makarantarmu, na rantse ba zan fito da sulken kwali ba. Na samo jarkoki biyu irin na fetur, na tsaga su da wuƙa mai zafi. Ina tsaye gaban madubi, in rage nan, in kankare can, har suka kama ni cif daga wuya zuwa cinya.

Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wanga abu kana iya duƙawa cikinai?"

Na ce, "Ke, ina kika taɓa ganin jarumi ya duƙa?"

Ranar wasa na sa aka ɗaure min shi ta baya da waya, aka murɗe da filaya. Iyaye suka cika fili, har daga Kalmalo. Ina ta yawo ƙirji a gaba sai aka kira La'asar, hedimasta ya ce a yi salla tukuna. Mai filaya kuwa ya yi gaba da abarsa.

Na shiga sahu a haka. Liman ya yi ruku'u, na bi shi da ƙarfin hali. Jarka ta ce ƙwaras, bakinta ya tokare min maƙogwaro, na maƙale, ban duƙa ba ban miƙe ba. Sahunmu kaf sai da suka sake salla saboda dariya.

Har yau in na tsaya shan mai a bakin titi, sai masu sayarwa su ce, "Malam, mashin za a cika, ko kai?"