Idon da Tuan Haji Baharom Ya Dasa a Ƙeya

A duk ƙungiyar masu motar gida ta Seremban babu kamar shugabanta, Tuan Haji Baharom. Motarsa tana da gado, da murhu, da banɗaki, da labule mai geza. Shi kuma yana da hangen nesa, kamar yadda yake yawan sanar da jama'a. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba: ganin baya.

Al'adar ƙungiyar ce, a taron shekara na bakin teku a Port Dickson, shugaba ne ke isowa ƙarshe, ya yi ribas a gaban kowa zuwa wurin girma kusa da madafa. A ci abinci, sannan a yi zaɓe. Kullum matarsa, Hajah Rokiah, ita ce ke sauka tana kaɗa hannu, tana kiransa Abang yadda matan can ke kiran miji, tana cewa, “Hagu, Abang! Hagunka, ba nawa ba!” Har 'yan ƙungiya suka sa mata suna Shugabar Shugaba. Bana kuma Cikgu Sabri, tsohon malamin makaranta, ya fito takara, yana bi yana cewa ƙungiya tana bukatar wanda zai iya ajiye motarsa shi kaɗai.

Sai Tuan Haji ya sayo kyamarar baya marar waya.

Bai kira makaniki ba, ya kira 'yan kallo. Ya hau tsani da zanen sarong ɗinsa, ya huda ƙeyar motar, ya ga ramin bai yi masa ba, ya sake huda wani. Ya ɗaure kyamara, ya jona mata wuta, ya kafa ɗan allo kusa da sitiyari. Da aka kunna, sai allon ya nuna kazar maƙwabta tana tafiya a sama, ƙafafu a rufi.

“Wannan gwaji ne,” in ji shi. “Injin kirki sai ya fara nuna maka abin da ba haka ba.”

Ya juya ta. Daga ranar ya zama Mai Ido a Ƙeya. Ya kuma ba da umarni kowane ɗan ƙungiya ya sayi irin kyamararsa sak, daga shagon da ya saya, don kada ci gaba ya rarrabu. Suka saya. Cikgu Sabri ma ya saya, ya jona tasa yadda ba ta mutuwa ko mota na tsaye.

Ranar taro, mata suka ɗora ƙatuwar tukunyar rendang, nama na ta dahuwa a madarar kwakwa tun safe. Motoci suka jeru, ta Cikgu Sabri ta juya wa madafa baya. Shugaba ya iso, ya sauko, ya lulluɓe maduban gefe da tsofaffin ɗankwalayen matarsa.

“'Yan'uwa, madubi na kakanni ne. Hannun mace kuma na girki ne. Kiah, je ki zauna. Yau ƙungiya za ta ga shugabanci.”

“Abang, bari dai in tsaya kusa.”

“Ki tsaya inda kika ga dama. Ni ba zan dube ki ba.”

Ya shiga, ya rufe gilashi, ya sa ribas. Allo ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya kawo hoto tas. Abin da ba a gaya wa Mai Ido a Ƙeya ba shi ne, irin waɗannan kyamarori idan suka taru wuri ɗaya, allo yakan ɗauki wadda ta fi masa ƙarfi. Nasa ya ɗauki ta Cikgu Sabri.

Tuan Haji ya duba, ya ga wata farar mota tana tafiya da baya, ta nufi tukunyar rendang kai tsaye. Ya fashe da dariya.

“Wane sakarai ne wannan? Kai, tsaya mana! Waye ya ba wannan lasisi?”

Ya ci gaba da ja da baya a hankali, don ya ƙara kallo. Sai ga Hajah Rokiah a allon, tana tsalle tana kaɗa hannu biyu.

“Lallai Kiah! Na sallame ki yau, har kin sami motar wani?”

Ya ɗan ƙara taka mai, don ya je ya yi wa sakaran faɗa da kansa. A allo, sakaran ma ya ƙara mai.

Ƙarar karon ta zo daga wuri biyu a lokaci ɗaya: daga allo, da kuma ƙeyar motarsa.

An ci farar shinkafa a ranar, da gishiri, ana kallon rendang yana nutsewa cikin yashi. Zaɓe bai ɗauki lokaci ba. Da aka ce masu son Cikgu Sabri su ɗaga hannu, Hajah Rokiah, da yake hannunta ya saba, ta riga kowa.

Tuan Haji bai karaya ba. Ya miƙe, miya na ɗiga daga ƙeyar motarsa, ya yi jawabin bankwana.

“Ko me za ku ce, kada wanda ya zargi kyamarata. Da idona na gani, ta nuna mini sakaran ƙarara.”

A karo na farko tun kafa ƙungiyar, babu wanda ya yi masa musu.