Jinyar Bajimin Dakta Uwani

Wani abokina da ya yi aiki a ma'aikatar kula da dabbobi ta wata jiha ne ya ba ni wannan labari. Ya roƙe ni kada in faɗi sunan jihar, don waɗanda abin ya shafa duk suna raye, in ka cire guda ɗaya.

Ma'aikatar tana da gonar kiwo, tafiyar awa uku daga hedikwata. A can aka ajiye wani bajimin sa da aka kawo daga ƙasar waje don ya riƙa barbarar shanun makiyaya, a samu iri mai madara. Darakta, Dakta Uwani, ita da kanta ta je ta zaɓo shi, kuma hotonsa da ke rataye a ofishinta ya ɗan fi na kwamishina girma. Mai kula da gonar kuwa Malam Tanimu ne, dattijo mai ladabi, saura wata takwas ya yi ritaya, kuma a shekara talatin da huɗu ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. A ƙauyensu, in an yi rasuwa shi ake aikawa ya sanar da dangi, domin ya iya. Yakan fara da cewa jikin ya ɗan motsa. Kafin ya kai ƙarshen magana, mai saurare ya riga ya nemi wuri ya zauna.

Wata Laraba a watan Nuwamba bajimi ya fasa shinge ya ci gyauron dawa. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, da ƙyar aka samu aka sa masa wuƙa kafin la'asar.

Malam Tanimu ya zauna rubuta rahoton wata. Ya tuna Darakta tana da hawan jini. Bayan shafi guda na gaisuwa da bayanin yanayin ciyawa, ya rubuta cewa bajimi bai ci abinci ba a 'yan kwanakin nan. Ba ƙarya ya yi ba. A rahoton Disamba ya ce bajimi ba ya tashi, kuma ya daina kula shanu. Wannan ma haka yake. Darakta ta aiko da kwalin allurai, ta rubuta a gefen takarda da jan biro, "Allah ya ƙara sauƙi." A rahoton Janairu ya ce al'amarin ya yi tsanani, sai dai addu'a.

Hankalin Darakta ya tashi. Ta yi mako biyu tana lallashin wani farfesan dabbobi, ta ɗauko shi a motarta, suka sha tafiya a hanya mai gargada. Suna isa suka tarar da turke ba kowa, ga kuma fata an shanya a jikin garka, ta bushe ƙayau. Farfesa ya gyara tabarau, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce a ganinsa an ɗan makara.

Darakta ta ce, "Malam Tanimu, wannan fatar wace dabba ce?"

Ya rusuna. "Ranki ya daɗe, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Tambayarka nake yi."

"To, sai haƙuri. Dukkanmu can za mu."

"Yaushe?"

"Ba a jima ba. Wata uku ne, har da 'yan kwanaki."

"Wata uku! Alluran da na aiko fa, wa ka yi wa?"

"Suna nan a firij, ranki ya daɗe, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ni dai na ɗauka kin soma fahimta, tun da kika ce kilishin da ya zo da rahoton Nuwamba ya yi daɗi."

Darakta ta dafa mota. Farfesa ya juya baya, ya shiga nazarin wata bishiyar darbejiya.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ba ni na tara ku a bita ba? Ban ce muku abin da ya fi muhimmanci shi ke zuwa a layin farko na rahoto ba?"

"Kin faɗa, ranki ya daɗe. Shi ya sa nake farawa da gaisuwa."

"Gobe za ka ga takardar tuhuma a teburinka. Rahoto uku, shafi goma sha ɗaya, babu inda ka ce sa ya mutu! Wai yaushe ka yi niyyar gaya mini?"

Malam Tanimu ya dube ta cikin tausayi, ya ce, "Ranki ya daɗe, ke ce kika yi gaggawa. Ai a rahoton wannan watan zai cika."