Tantabarun da na fige wa fiffike

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka ba Malam Idi lambar yabo ta zaman lafiya, don har yau in na wuce majalisar unguwarmu a Kurmin Mashi sai wani ya kaɗa min hannuwa kamar fiffike.

Malam Idi malamin allo ne, gidansa na kallon shagon waldata. Shekarar da gari ya rikice, shi ya shigar da Maman Rifkatu, Kirista mai ƙosan layinmu, da 'ya'yanta huɗu cikin gidansa, ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya zauna. Matasa suka zo da sanduna, ya ce sai dai su tsallake shi. Ba wanda ya iya. Ni kuwa (tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) ina ɗaki na danna sakata, ko tari ban yi ba. Abin ya daɗe yana ci na.

Da wata ƙungiya ta ce za ta karrama shi a unguwar Doka, na ce ga ranar da zan wanke kaina. Na sami shugaban kwamitin, wani matashi mai tabarau, na tambaye shi me za a saki sama. Ya ce balan-balan.

Na ce, "Malam Idi za ku yi wa balan-balan? Bikin suna ne? Fararen tantabaru ake saki, na gani a talabijin. Ku bar min wannan."

"Baba, ka tabbata?"

"Shekara ashirin ina kiwo. In ba su tashi ba a canza min suna."

Matsalar, nawa duk baƙaƙe ne da masu ruwan toka. Na hau mota har Rigachikun na sayo farare shida, tas da su kamar auduga. A nan son zuciya ya shigo. Duk mai kiwo ya sani, sabuwar tantabara in ka sake ta gidan tsohon mai ita take komawa. Shi ya sa ake fige mata dogon gashin fiffike, kafin ya tofo ta saba da gidanka. Na kalle su na ce wallahi waɗannan ba za su koma Rigachikun ba. Taro saura sati uku, ai kafin nan gashi ya tofo. Su tashi a gaban manya, a tafa min, da yamma in tarar da abina a gida. Na fige su.

Matata Hajara ta tsaya a kaina. "Baban Sadiya, abin da za ka bayar kake fige wa fiffike?"

Na ce ta je ta kula da tukunyarta, ko kaza ba ta taɓa kiwo ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a. (Ban kuma gwada su ba ko sau ɗaya, don tsoron kada su tashi su tafi. Ka ji wayo.)

Ranar taro an kafa rumfuna, ga liman, ga fasto, ga masu kyamara. Aka miƙa wa Malam lambarsa ta gilashi. Mai gabatarwa ya ce yanzu tsuntsayen zaman lafiya za su tashi. Na fito sanye da babbar rigata ta Sallah, na buɗe kwando, na yi bisimilla, na watsa su sama.

Sun kai tsayin mutum. Daga nan suka yo ƙasa kamar an zubo takalma. Ɗaya ta faɗa cikin tiren dafa-dukan babban tebur ta fantsama wa fasto a kwat, biyu suka ruga ƙarƙashin kujerun mata, aka hau ihu ana ɗage ƙafa. Mai hankali da ya tsaya nan. Ni ban tsaya ba. Na ce wallahi ko ɗaya ce sai ta tashi. Na yi rarrafe da babbar riga na cafko ɗaya, na cilla ta da iya ƙarfina. Ta juyo ta sauka a cinyar Malam, ta kuma sauke nata kayan a kan lambar yabon.

Mai tabarau ya matso kunnena. "Baba, wane sunan za mu sa maka?"

Malam Idi ya ɗauki tantabarar, ya buɗe fiffikenta ya duba, ya ɗago ya kalle ni. Na so ƙasa ta tsage. Sai ya karɓi abin magana ya ce, "Ku ƙyale su. Mu ma ranar rikicin nan ba mu tashi ba, a ƙasa muka zauna." Wuri ya ɗauki tafi, Maman Rifkatu tana dariya tana share hawaye da gefen zani.

Da aka watse ya kira ni gefe. "Mai walda, don su dawo maka ka fige su ko?"

"Haka ne, Allah gafarta Malam."

"To ai ka riga ka bayar."

Ya sa aka tattara duka shidan ya ba Maman Rifkatu. Yanzu gashi ya tofo, kullum da safe suna kewaya saman shagona su sauka a kan kwanon gidanta. Tun ranar in zan yi kyauta, da fiffikenta nake bayarwa. Hajara kuwa ba ta taɓa tuna min ba, sai dai in sun wuce ta ɗaga kai ta ce, "Masha Allah, kiwon Maman Rifkatu yana kyau."