Zakaran A'i da Kifin Khawaja

Wani ne a unguwar Ruwais ta Jidda, direban wani Bature injiniya, irin waɗanda mutanen Jidda ke ce wa khawaja. Wata rana ya ga hoton maigidan nasa tsaye cikin kogi, rungume da kifi kamar ɗan maraƙi.

Ya ce, "Khawaja, da me ka kama wannan?"

Bature ya nuna masa sandar fatsa siririya, da 'yar ƙugiya an ɗaure mata gashin zakara. Ya ce a ƙasarsu, farkon shekara in kogi ya cika, kifin nan salamun yakan baro teku ya hau kogi. Ya ga gashin, ya zaci ƙuda ne, ya hadiye.

Shi ke nan, magana ta zauna a kan mutumin naku.

Ana nan surukinsa, Malam Abdulghaffar, ya aiko daga Makka cewa ran Juma'a zai zo ya ga ko 'yarsa A'i na cin abinci a gidan nan. In ba ta ci, da ita zai koma. Ranar kuwa sai ga ruwan sama, irin na Jidda, sau ɗaya a shekara. Titi ya zama kogi, yana gangarawa bahar, wato teku.

A'i ta ce, "Malam, yalla, je kasuwa ka samo kifi. Baba na hanya."

Ya ce, "Kifin kasuwa? Ga kogi Allah ya kawo har ƙofar gida! Yanzu za su hauro."

Ya ɗauko sandar Bature daga bayan mota. Ya yi lissafi: in gashi ɗaya ya kamo kamar maraƙi, to gashi da yawa fa? Ya cafke zakaran A'i, ya fige shi tas, ya ɗaure tulin gashin a ƙugiya kamar tsintsiya.

Ya naɗe zane, ya shiga ruwa, yana wurga zare gaba da baya yadda ya ga Bature na yi a tsakar gida. Wurgi na farko ya kamo takalmi. Na biyu ya kamo rawanin Saleh masunci, maƙwabcinsa.

Saleh ya ce, "Ya shekh, ga bahar can taki ɗari, cike da kifi!"

Ya ce, "Su za su zo su same ni. Kai ba ka zauna da Turawa ba."

"Yaushe za su zo?"

"Ai yanzu damina ta fara."

Saleh ya ce, "Duba ƙafarka. Ta ƙare."

Ya duba. Wallahi sai laka.

Ya koma gida sumui-sumui. A'i kuwa da ta ga zakara tsirara yana kyarma, ta sa an yanka shi, ta dafa da shinkafa. Ga tsoho zaune ya riƙe cinya. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi.

Tsoho ya ce, "An ce mini ka tafi kamo mini kifi. Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Baba, ai da wannan ake yaudarar kifin."

Tsoho ya tsotse ƙashi, ya ajiye, ya ce, "To ga shi na hadiye. Ja zaren mu gani."