Rasuwar Bangon Gabas na Ajin Malama Safara'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, Malama Safara'u Maccido, mai ajin koyon kwamfuta a bayan kasuwar albasa ta Goronyo, take sanar da rasuwar bangon gabas na ajinta. Ya faɗi ranar Laraba da hantsi, bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Marigayin ya ƙare rayuwarsa yana yi wa ɗalibai hidima. A jikinsa Malama ta rubuta da fenti duk umarnonin da ake buga wa kwamfuta a baƙar tagar nan da ba ta da hoto, sai rubutu zalla. Littafin da ake koyarwa da shi bisa haruffa ya jera su, sai ka san sunan umarni kafin ka same shi. To wanda ya san suna, me zai nema? Ita kuwa gida-gida ta raba su bisa aikinsu: na duba fayil kusa da ƙofa, na kwafa da ƙaura a tsakiya, na bincike a gefen taga. Na gogewa shi kaɗai ta kai can sama da jan fenti, don sabon shiga ya ɗaga kai ya yi tunani tukuna. Marigayin bai taɓa cewa babu sabis ba, bai taɓa neman caji ba.

Jinyarsa ta fara da 'yar tsaga tun daminar bara. Malama ta yi ta kai kuka wurin mai gidan da take haya, Alhaji Lauwali, amsarsa kullum ita ce, "Malama, mi za ya samu bangon da ya girme ki?" Kalmar marigayin ta ƙarshe ƙas-ƙas ce, sai rim! Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki.

Ya bar bango uku da ba su san ko harafi ba, da kwamfutoci cike da laka, da ɗaliban da jarrabawa ke gabansu.

Alhaji ya zo gaisuwa, ya ce fenti ne ya cinye ginin, kuma ba a rubutu a sabon da zai tayar. Malama ta ji shi sarai. Ta riga ta sayi faffaɗan tampol, wanda za ta naɗe ta tafi da shi ranar da ta tashi daga gidan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a fara rubutun tampol nan take. Masu gaisuwa su zo da fenti. Alhaji Lauwali ya zo da amalanke, gawar tasa ce.