Motar da Na Zaɓa Don Jan Karafan

Ko da zan manta komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tare hawan gada da ɗaki sukutum ba, surukina yana zaune a gefena yana kallo.

Bari in faro daga farko. Ni tafinta ne. 'Yan uwanmu da ke zuwa Masar neman magani, ni nake taro su daga filin jirgi, in kai su wajen likita, in juya ciwonsu zuwa Larabci, in juyo musu bayanin likita zuwa Hausa. Ina zaune a Hayyin Ashir, cikin yankin Nasr City, da matata Bilkisu, a hawa na huɗu, gidan da in ka buɗe taga ba abin da za ka gani sai shanyar maƙwabta. Wataƙila shi ya sa na zama mai mafarki ido biyu. A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, nake yi, a ɗakin jiran likita nake yi, wani lokaci Bilkisu na yi mini magana ina gyaɗa kai, alhali tuni na yi nisa.

Muna da maƙwabci, Ammu Haruna, Bahaushen Sudan. Da zai bi 'ya'yansa ƙasar waje, sai ya bar mini karafan ɗinsa kyauta. Karafan, ga wanda bai sani ba, ɗaki ne mai tayoyi, ba shi da inji, sai dai a ɗaura shi a bayan mota a ja shi zuwa inda ake son kwana. Namu fari ne da ratsin shuɗi a kwiɓi. A ciki akwai gado, da ɗan murhun gas, da kabad, da taga mai labule. Yana ajiye a filin bayan gidanmu, ƙura ta lulluɓe shi.

Kullum bayan La'asar sai in sauka in shiga in ja ƙofa. Nan da nan hayaniyar unguwa ta koma nesa. In kishingiɗa a gadon, sai in ga labulen yana kaɗawa da iskar teku. In ga ruwa shuɗi ya miƙe har inda ido ya ƙare, duwatsu jajaye a baya, butar shayi tana tafasa, Bilkisu tana tafiya a kan yashi ba takalmi. Na je Siwa, na je Fayyum, na je Sinai, duk ba tare da taya ta motsa ba. (Sau biyu mai gadin gidanmu yana ƙwanƙwasa mini, wai ya ga shiru ya yi yawa.)

Abu ɗaya ya rage: motar da za ta ja shi. Ba ni da ita.

Ana cikin haka mahaifin Bilkisu ya zo daga Funtua a yi masa aikin yanar ido. Baba tsohon direban tirela ne, ya fi shekara talatin a kan hanyar Arewa zuwa Legas. Mutum ne marar yawan magana, kuma tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai, gaisuwa ce a durƙushe sai kowa ya kalli ƙasa. Na daɗe ina jin a raina cewa kallon ɗan boko mai laushin hannu yake yi mini, wanda ya kwashe masa 'ya ya kai ta ƙasar Larabawa ya ajiye a saman bene. Aikin ya yi kyau. Da likita ya cire bandeji ya ba shi baƙin gilashi, sai na ji yana gaya wa Bilkisu cewa abu ɗaya yake so ya gani da sabon idon nan kafin ya koma: Bahar Maliya, tekun da Annabi Musa ya ratsa.

Na ce, “Baba, ai ni zan kai ka Sukhna, can bakin tekun. Kuma ba a otal za mu sauka ba, da ɗakinmu za mu tafi.”

Ya ce, “To, madalla.”

Ranar Juma'a na ɗauki Usta Ramadan muka nufi kasuwar motocin hannu. Usta bakanike ne a layinmu, ɗan gajere mai ƙaton ciki, hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Ya riga ya zagaya karafan ɗin, ya girgiza shi, ya karanta wani ɗan ƙarfe da aka manna a gabansa, ya ce ya fahimta.

Muna shiga ya ja ni wajen wata tsohuwar a-kori-kura mai kujeru biyu gaba da baya, kalar ƙasa, gefenta a lotse. Ya buga bayanta da tafin hannu.

“Wannan, ya Shaikh. Tana da nauyi, injin dizal ne, tayoyin baya ke tura ta, birkinta kuma zai riƙe abin da ke bayanta. Mota mai ja sai ta fi abin da take ja ƙarfi, in ba haka ba shi zai riƙa yi mata umarni.”

Na kalle ta. Na gwada saka ta a cikin mafarkina, ta ƙi shiga. Irin motar da ake kai tumatir kasuwa ce. Sai na waiwaya, idona ya faɗa kan wata 'yar ƙaramar mota can a ƙarshen layi, rana tana sheƙi a jikinta. Shuɗiya ce. Shuɗin nan sak irin na ratsin karafan ɗina. Nan take na gan su tare a bakin ruwa, kamar tela ɗaya ya ɗinka su.

Usta ya bi idona, ya dafe kai.

“La, la, la. Wannan ta kai yara makaranta ce. Injinta bai fi na keken ɗinki ba.”

Na ce, “Usta, ai hanyar Sukhna shimfiɗaɗɗiya ce.”

“Kafin ka kai shimfiɗar fa? Tashi sama za ka yi?”

Na ce masa mai motar ya tabbatar mini tana da ƙarfi. Ya ce mai motar zai tabbatar mini tana iyo ma in na tambaye shi. Na dage. (Ina da wata baiwa: in an gaya mini gaskiyar da ba na so, sai in ji Larabcina ya ragu.) A ƙarshe ya ɗaga hannu sama ya ce, “Khalas, motarka ce.” Shi ya walda mini ƙugiyar ja a bayanta, yana yi yana ƙunƙuni.

Safiyar tafiya muka loda kaya. Bilkisu ta sa tukwane, da buhun shinkafa, da tulun gas, da jarkokin ruwa, da darduma, da kujeru. Da aka saƙala karafan a ƙugiya, sai bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama kamar tana shaƙar wani ƙamshi. Baba ya sauko da baƙin gilashinsa da sandarsa. Ya zagaya su sau ɗaya a hankali. Ya tsuguna ya leƙa ƙugiyar. Ya miƙe.

“Malam, nawa ne nauyinsa?”

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa karanta ɗan ƙarfen nan ba. Na ce, “Baba, ai ba shi da wani nauyi, kwali ne kawai da fenti.”

Ya daɗe yana kallona ta cikin gilashin. Sannan ya ce, “Allah ya kai mu lafiya,” ya shiga gaba ya ɗaura bel.

Cikin unguwa komai ya tafi lafiya, in ban da sitiyari da nake ji sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba. Mutane suna waiwayenmu, na ɗauka sha'awa ce. Na fara gaya wa Baba yadda rana take faɗuwa a bayan duwatsun Sukhna, alhali ni ma ban taɓa gani ba. Ina cikin bayanin launin ruwan muka iso hawan gadar da ke kai mutum kan babban titin Da'iri.

Motar ta fara hawa da kuzari. Kafin mu kai rabi ta fara kuka. Na sauke giya, kukan ya ƙaru, gudun ya ragu. Tayoyin gaba suka fara kartar kwalta. Wani wari ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Baba ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, “Kuloci.” Sai muka tsaya cak. Sannan, cikin natsuwa, muka fara komawa baya.

Bilkisu ta saki salati. Na take birki da duk ƙarfina. Bayanmu mikrobas, bayan mikrobas tasi, bayan tasi duk mutanen Nasr City. Na ce a raina ai sai in yi ribas in gangara a hankali. Na juya sitiyari hagu, karafan ya tafi dama. Na juya dama, ya ƙara tafiya dama. Kafin in ankara ya karkace ya gitta hanya, har na hango labulen tagarsa ta gilashin gefena, yana kaɗawa yadda na saba gani a mafarki. Ba mai hawa, ba mai sauka.

Wanda bai taɓa jin ham ɗin Alƙahira a lokacin da shi ne sanadi ba, bai san ham ba.

Baba ya kwance bel. “Malam, ja birkin hannu. Sauko.”

Na sauko. Ya miƙa mini sandarsa in riƙe, ya zagaya ya zauna a mazaunin direba, ya gyara madubi. Direbobi sun riga sun taru suna ihu. Baba bai jin Larabci, amma ya leƙo ya ɗaga yatsu huɗu, ya nuna bayan karafan, ya yi alamar turi. Nan da nan ƙarti huɗu suka sa kafaɗa. “Gaba kaɗan,” ya ce da Hausa, suka tura gaba kaɗan. “Tsaya,” suka tsaya. Ni da nake cin abinci da aikin tafinta, ba wanda ya nemi in fassara ko kalma ɗaya. Ya sa aka ja motocin baya, ya saki birki, ya riƙe ƙasan sitiyari da hannu ɗaya, karafan ya miƙe ya bi shi kamar tunkiyar gida. Ya gangara da shi har gindin gada, ya jingine shi a gefen titi daidai da bakin kwalta.

Aka yi ta tafi. Direban mikrobas ɗin, wani dogo mai sigari a kunne, ya rungume Baba ya sumbaci goshinsa. Sai ya juyo gare ni, ya gan ni tsaye da sanda, ya ɗauka ni yaron tsohon ne.

“Kai, kana jin yarensa? Gaya wa Hagg, Alhajin nan, wallahi shi usta ne, gwani na gaske. Kuma ka ce masa ya kori direban nan nasa. Duk wanda ya ɗaura wannan gida a bayan wannan abar, humar ne ɗan humar.” Wato jaki ɗan jaki.

Baba ya dube ni. “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce... ya ce Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kuma wai hanya ce ba ta da kyau.”

Baba ya karɓi sandarsa. “Malam, na je Hajji sau biyu. Na san humar.”

Daga kujerar baya na ji wani sauti. Bilkisu ce ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa. Na so ƙasa ta tsage, amma kwalta ce, kuma sabuwa.

Ba yadda zan yi, na kira Usta Ramadan. Bai ce mini komai a waya ba sai “Ina zuwa.” Ya iso da a-kori-kurar garejinsu, wadda ta fi ta kasuwar muni. Ya tura shuɗiyar gefe ya kulle, ya saƙala karafan, motarsa ko gezau ba ta yi ba. Baba ya zagaya ta, ya buga tayar baya da sanda, ya ce, “Yawwa.” Usta ya ce, “Tamam?” Baba ya ce, “Tamam.” Suka zauna gaba su biyu, ni da Bilkisu a baya. Har muka isa suna hira da hannu da sunayen kayan mota, suna dariya, ba su waiwaye ni ba.

Mun kai bakin ruwa bayan Azahar. Ya fi yadda na zata faɗi, kuma ya fi shiru. Baba ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga har idon sawu. Ya cire baƙin gilashin ya tsaya yana kallo, ba ya ko motsi. Na daɗe a bayansa kafin in samu ƙarfin matsawa kusa.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri. Amma tun a gida ka gane, ko?”

“Tun daga bene.”

“Me ya sa ba ka hana ni ba?”

Bai ɗauke idonsa daga ruwan ba. “A gaban matarka? Na tambaye ka nauyi, don ka samu ƙofar fita. Ka rufe ta da kanka.” Sai ya ƙara da cewa, “Amma ka riƙe birki, ba ka firgita ka saki ba. Wannan na gani.”

Wannan ce yabawa mafi tsawo da na taɓa samu daga gare shi, kuma na karɓe ta hannu biyu.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In dattijon da ya san aiki ya yi maka tambaya ɗaya tak, to ba neman sani yake yi ba, ceton mutuncinka yake ƙoƙarin yi, ka ce “ban sani ba” ka huta. Na kuma koyi cewa kafin ka karkata fassara, ka fara bincika ko mutumin ya taɓa sauke farali.